Wa Ya Zaɓa Maka Rigar Da Ke Jikinka?

 Kamar yadda muka saba, mun rubuto shirin gaba ɗaya saboda 'yan uwan da data ba ta kai musu su saurari murya ba, da kuma waɗanda suka fi son su karanta a natse. In ka gama, ka tura wa wanda kake ganin zai amfana.

Yau hirar sutura za mu yi. Na san wani zai ce, ana fama da tsadar abinci da rashin tsaro, shi ne za a zauna ana zancen riga da hula? Ka ɗan yi haƙuri, ɗan uwa. Kuɗin da matashi ke kashewa a ɗinki, da bashin da ake ci saboda anko, da yarinyar da ta ƙi zuwa bikin ƙawarta don ba ta da kayan fita, da saurayin da aka yanke wa hukuncin ɗan iska saboda askinsa, duk maganar sutura ce, kuma duk suna taɓa rayuwarmu.

Ka tambayi kowane tela a Sakkwato, daga Mabera har Arkilla, ya gaya maka yadda ake kawo masa aiki yanzu. Da can mutum zai zo da tsohuwar rigarsa ya ce a yi masa irinta. Yanzu waya ake miƙawa, an tsayar da fim an ɗauki hoton allo: "Malam, irin wannan nake so, kada a rage komai." Wato akwatin talabijin da YouTube sun zama littafin zaɓen ɗinkinmu. Ni ban ga laifi a nan ba. Abin da nake son mu duba shi ne, rigar da muke kwafa ɗin nan wani ne ya zauna ya yi tunani kafin ya sa wa ɗan wasan. Mun ɗauki rigar mun bar tunanin, alhali tunanin ya fi rigar amfani.

MENE NE AIKIN MAI SUTURA?

In fim ya ƙare sunaye suna hawa, yawancinmu ba ma tsayawa. Wata rana ka daure ka karanta. Za ka ga an rubuta "sutura", an rubuta "kwalliya", kowanne da mai shi. 'Yan fim kan ce masa mai kostum. Aikinsa ya karanta labari tun kafin a fita lokeshan, ya san kowane mutum da ke cikinsa, sannan ya yanke abin da zai sa a kowace fitowa.

Kafin ya ɗauko riga, akwai tambayoyin da dole ya amsa. Wane ne wannan mutumin? Nawa ne a aljihunsa? Ina za shi a wannan fitowar, kuma wa zai gani? Me yake so mutane su ɗauka game da shi, me kuma yake ɓoyewa? Bayan wannan akwai aikin kiyayewa: in an ɗauki rabin fitowa ranar Litinin, sauran rabin sai Alhamis, dole rigar ta zama ita ce, ɗaurin ɗankwalin ya zama shi ne, in da datti a hannun riga ya kasance yana nan. Wani lokaci ma sabuwar riga ake tsufar da ita da gangan, a wanke ta sau da yawa, a goga mata ƙasa, don ta yi kama da ta talaka.

Alamar ya yi aikinsa da kyau ita ce ka kashe sautin talabijin amma ka gane kowa. Iyayenmu sun san wannan tun zamanin Samanja Mazan Fama na NTA Kaduna. Marigayi Usman Baba Pategi tsohon soja ne, kuma da ya bayyana cikin kaki, tun bai buɗe baki ba ka san tsawa na tafe.

Mu dawo zamaninmu. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, kuma Daɗin Kowa na cikin shirye-shiryen da suka sa ta shiga gidaje. Ku tuna yadda garin nan yake: Malam Nata'ala da shigar malaman tsangaya, Kamaye da Adama da kayan gidan da ake lallaɓa rayuwa, Ɗantani da shigar mai shayi, Stephanie da shigar da ke nuna maka daga wane gida ta fito tun ba a faɗi sunanta ba. Ƙarfin shirin shi ne kowa ya yi kama da wani da ka sani a unguwarku. Da an yi kuskure an sa wa Kamaye shadda mai maiƙo, da rabin dariyar ta mutu.

A Kwana Casa'in, wanda ya fara a 2019, sutura ta shiga siyasa. Gwamna Bawa Maikaɗa, wanda Sani Mu'azu ya fito a matsayinsa, mutum ne da shigarsa ke cika wuri, irin ta mai mulkin da ke son a san ya iso. Abokin takararsa Malam Adamu, wato Ado Ahmad Gidan Dabino, malamin makaranta ne mai sauƙin shiga. Tun daga kayan jikinsu an riga an fara gaya maka rikicin jihar Alfawa.

Sai Labarina na Aminu Saira, wanda ya ba mu darasin da ya fi kowanne. A labarin Mainasara, Sadiq Sani Sadiq ya fito a matsayin attajirin da ya ajiye kayan alfarma ya shiga na talakawa don ya ga wa zai so shi don Allah. Fuska ɗaya, murya ɗaya, hali ɗaya. Kaya kawai aka sauya, amma gaisuwar da ake yi masa ta sauya, kallon da ake yi masa ya sauya. Mu masu kallo muna jin haushin waɗanda suka raina shi, saboda mun san sirrin. Ku riƙe wannan misalin, za mu dawo kansa.

A WAJE MA HAKA NE

Wasu daga cikinku sun kalli Peaky Blinders, shirin BBC da ya fara a 2013, labarin wasu 'yan daba na Birmingham bayan yaƙin duniya na farko. Hular nan tasu mai ɗan baki a gaba, ƙanwar hana-sallah, a wancan zamanin hular leburori ce a Ingila, ba ta masu kuɗi ba. Shirin ya sa ta dawo yayi a duniya, har ka ga yaro a nan ya ɗora ta a kan kaftani. Haka Ertugrul na Turkiyya, wanda aka nuna daga 2014 zuwa 2019: hular jarumansa mai gashi ta zama kayan sayarwa a ƙasashen Musulmi da dama.

Amma wadda nake so mu yi koyi da ita ita ce Ruth Carter, Ba'amurkiya baƙar fata da ta tsara suturar fim ɗin Black Panther na 2018. Wakanda ƙasa ce da ba ta wanzu ba, don haka babu wanda za ta kwafa. Sai ta yi bincike a kan suturar Afirka. Hular uwar sarki ta samo ta daga hular matan aure na Zulu. Masu gadin iyaka ta lulluɓe su da irin bargon mutanen Lesotho. Jan kayan mata mayaƙa ya ɗauko daga Masai. 'Yan kasuwar Wakanda kuwa shigar Buzaye ta ba su, irin rawani da shuɗin da mu a nan muke gani kullum a kasuwa ba mu ko waiwaya. Da wannan aikin ta ci kyautar Oscar a 2019, ta sake ci a 2023.

Ku lura da abin da ta yi. Ba ta ɗauko kayan Buzu ta jibga wa mutum don kawai yana da kyau ba. Ta tambayi wane ne zai sa, kuma me kayan ke faɗa. Mutanen da aka sani da ratsa Sahara da fatauci, shigarsu ta ba 'yan kasuwa.

SAKKWATO TA DAƊE DA SANIN WANNAN

To, mu nan ba baƙi ba ne a wanga ilimi, in ji mutanen gida. Tarihin garin nan cike yake da maganar sutura.

Kafin hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo zuwa Gudu a 1804, Sarkin Gobir Nafata ya kafa wa jama'ar Shehu dokoki, kuma cikinsu har da hana maza naɗa rawani da hana mata yafa mayafi. Ka yi tunani, sarki mai dawakai da mayaƙa a Alƙalawa, me ya dame shi da ƙyallen da ke kan talaka? Ya dame shi domin rawanin ya zama shela. Duk wanda ya naɗa yana faɗa wa kasuwa gaba ɗaya ɓangaren da yake, kuma jama'ar suna iya ganin yawansu da idonsu.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na Nana Asma'u, ɗiyar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864. Da ta kafa tsarin 'Yan Taru don karantar da matan karkara, kowace tawaga tana da shugaba da ake kira jaji. Asma'u kan ba jaji malfa, a ɗaura mata jan ƙyalle. Jean Boyd, Baturiyar da ta yi shekaru a Sakkwato tana bincike a kan rayuwar Asma'u, ta yi bayanin cewa malfa a ƙasar Gobir alama ce ta Inna, shugabar bori, macen da mata ke tsoro suna girmamawa. Asma'u ba ta ƙirƙiro sabuwar alamar da babu wanda ya sani ba. Ta ɗauko wadda matan ƙauye suka riga suka gane a matsayin alamar iko, ta sauya mata ma'ana. Mace mai malfa in ta biyo hanya daga ƙauye zuwa birni, kowa ya san malama ce, a ba ta hanya. Wannan aikin mai sutura ne tsantsa, tun ba a ƙirƙiro kyamarar fim ba.

Ku zo kusa-kusa. Alhaji Shehu Shagari ya mulki Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, kuma doguwar hularsa ta bi shi har aka riƙa kiran irinta da sunansa a faɗin ƙasar. Malam Aminu Kano ya zaɓi fararen kaya marasa ado da jar hula a lokacin da manyan Arewa ke gasar manyan riguna, kuma talaka ya gane saƙon. Yau jar hula a Kano ta zama tambarin Kwankwasiyya, har in ka sa ta ba da niyya ba sai an yi maka fassara. A fada kuwa, alkyabba da rawani da jan kayan dogarai kowanne yana faɗin matsayin mai shi.

Duk waɗannan mutanen abu ɗaya suka yi. Sun san abin da suke son faɗa, suka nemi suturar da za ta faɗe shi, suka dawwama a kanta har aka san su da ita. Wannan shi ne salo. Yayi kuwa abin da kowa ke sawa ne a wannan Sallar, wanda kafin Sallar gaba an manta da shi.

INDA KWAFA KE BA MU MATSALA

Yanzu bari mu faɗa wa juna gaskiya game da hoton nan da muke kai wa tela.

Na farko, rigar da ka gani a fim an haska ta da fitilu, an goge ta minti biyar kafin ɗauka, wani lokaci an kama bayanta da fil don ta zauna. An gyara launin hoton a kwamfuta. 'Yar wasan ta sa ta na ɗan lokaci ne, ba ta hau Keke Napep da ita ba, ba ta yi layin banki da ita ba.

Na biyu, sau da yawa kayan ba ma na ɗan wasan ba ne. Na kamfani ne, ko na aro, ko na shagon da ke son a tallata shi. Kai kuma ka je ka ci bashi don ka yi kama da wanda shi ma ba nasa ba ne. Hausawa sun gama magana: kayan aro ba ya rufe katara.

Na uku, yanayi. A Sakkwato watan Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40. Yadin roba mai sheƙi da ya yi kyau a falon da ke da na'urar sanyaya ɗaki, in ka shiga rana da shi daga Gawon Nama zuwa jami'ar Ɗanfodiyo, kafin ka isa ka jiƙe sharkaf, ga ƙaiƙayi, ga ƙuraje. Kakanninmu da suka zaɓi auduga da riga mai faɗi ba ƙauyanci ya sa su ba. Iska ke shiga ta fita. Wanda ya ɗauko hular Ertugrul mai gashi, sai dai ya jira hunturu.

Na huɗu, jiki. Ɗinkin da ya zauna wa doguwa ba lallai ya zauna wa gajeriya ba, kuma launin da ya haska fatar wani yana iya dusashe ta wani. Tela nagari zai gaya miki: "Hajiya, wannan yadin ba zai ɗauki wannan ɗinkin ba." Mu kuma sai mu ce ya cika surutu. Ranar karɓa a yi rigima, a ce ya ɓata kaya.

Na biyar shi ne wanda ya fi ciwo, wato kuɗi. Anko al'ada ce da muka aro daga Yarbawa, kuma asalinta zumunci ne, a ga dangi da abokai sun fito iri ɗaya. Amma yanzu biki guda sai a fitar da anko uku ko huɗu: na kamu, na dina, na ɗaurin aure, na walima. Ɗalibar da kuɗin makarantarta ma da ƙyar aka haɗa, ƙawaye uku sun sa biki a wata ɗaya. In ba ta yi ba a ce baƙin ciki take. Daga nan ake fara cin bashi, ake taɓa jarin sana'a, wasu kuma su fara karɓar abin hannun wanda bai kamata ba. Samari ma ba su tsira ba. Akwai mai zuba wanka ranar Juma'a kamar ɗan gwamna, alhali tela na bin shi, mai wanki da guga na bin shi, mai hula na bin shi. Irin wannan kwalliyar ba ta biyan kuɗin sabulu.

Akwai kuma tambayar inda kuɗin ke tafiya. Shaddar Getzner da muke alfahari da ita a Ostiriya ake saƙa ta. Atamfar Holan ta kamfanin Vlisco ce, wanda ke garin Helmond tun 1846. Masu sauƙin kuɗin yawanci daga Chana suke. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna ta daɗe da yin shiru, UNTL ma ta rufe a 2007. A gefe guda, fatar jar akuyar Sakkwato tana cikin fatun da duniya ta fi yabo. Ɗaruruwan shekaru ana ratsa Sahara da ita, har Turawa suka riƙa ce mata fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. Dukawanmu suna nan suna ɗinka takalma da jaka, amma matashi ya fi son takalmin roba mai tambarin jabu.

MU ARI TAMBAYOYIN, MU BAR MUSU RIGAR

Ga shawarata. Ka zama mai suturar kanka. Ka ɗauki kanka kamar mutumin da ke cikin labari, ka yi wa kanka tambayoyin da mai kostum ke yi.

Fara da rayuwarka ta gaskiya. A kwana bakwai na mako, ina kake wuni? In kwana biyar kana aji ko shago ko bisa babur, to can ya kamata mafi yawan kuɗin suturarka su tafi. Da yawanmu akwatinmu cike yake da kayan biki da aka sa sau ɗaya, amma na zuwa aiki kala biyu ne duk sun koɗe.

Sannan in ka ga shigar da ta burge ka a fim, kafin ka ɗauki hoto ka tambayi kanka mi ya burge ni a nan? Sau da yawa za ka tarar abu guda ne: launin, ko yanayin wuyan rigar, ko yadda aka kafa hular, ko ma natsuwar mai kayan. Ɗauki wannan abu gudan ka kai shi cikin abin da kake da shi. 'Yar uwa, in launin mayafin ne ya tafi da ke, ba sai kin sayi leshin da takalmin da jakar ba.

Ka nemi alama guda taka. Shagari hula ce, jaji malfa ce. Kai taka tana iya zama zanna bukar da kake karyawa ta wani gefe, ko farin yadi kullum a goge, ko takalmin fata ɗinkin gida, ko agogon mahaifinka. Ke taki tana iya zama launi guda da kike so, ko irin ɗaurin kallabinki, ko laffaya, ko zoben azurfa na kakarki. Abu ƙarami da ake maimaitawa ya fi zama a zuciyar mutane fiye da sabon ɗinki kowane mako.

Ka buɗe akwatin tsofaffi. A gidaje da yawa akwai babbar riga mai aska takwas, aikin hannu da ya ci watanni, tana ninke asu na ci. Akwai saƙi, akwai zanen da aka rina a marina. Ka nemi izini, ka kai wa tela mai hankali. Tsohon saƙi na iya zama 'yar shara, ko a yi wa kaftani baki da shi. Abin da Ruth Carter ta ƙetare teku tana nema, kai yana ɗakin kakarka.

Ka girmama telanka, ka saurare shi. Ka kai ɗinki da wuri, ba saura kwana biyar Sallah ba. Ka biya shi hakkinsa. Telan da ya san jikinka shekara uku ya fi maka sabon shagon da ka gani a Instagram. Gwanjo kuma ba abin kunya ba ne. Riga mai kyau da aka wanke aka goge, babu mai tambayar rasit ɗinta.

Game da anko, mu da ke sa biki mu ne za mu kawo gyara. Ka fitar da guda ɗaya mai sauƙi, ko ka faɗi launi kawai kowa ya zo da abin da yake da shi. Kuma ka furta da bakinka cewa wanda bai samu ba ya zo haka nan. Wannan kalma ɗaya za ta sauke wa wani nauyin da ba ka san yana ɗauke da shi ba.

TO, INA IYAKAR?

Na san akwai mai cewa, wannan "bayyana kai" da kuke faɗa ba ƙofar fitsara ba ce? Tambaya ce mai kyau. Mai sutura a fim ma ba shi da 'yanci mara iyaka. Labari ya ɗaure shi, kasafin kuɗi ya ɗaure shi, a Kano ga hukumar tace fina-finai. Gwanintarsa tana fitowa ne a cikin waɗannan iyakokin. Mu ma haka. Addininmu ya yi umarni da suturta jiki, ya hana almubazzaranci da jan tufa don girman kai, kuma bai hana tsafta da ado ba. Gidanku yana da tsarinsa, unguwarku tana da nata. A cikin wannan filin akwai wuri mai faɗi. Ku dubi 'yan mata goma cikin hijabi a bakin lakca, in kun lura za ku ga goma ne daban-daban. In Inna ta ce, "Ke 'yar nan, wannan ɗinkin ya matse," ba ƙarshen salonki ke nan ba, gyara ne za a kai wa tela.

Sai dai akwai ɗaya gefen, kuma nan ne nake son mu koma kan Mainasara. A fim, an tsara kaya don su gaya maka gaskiyar mutum, ko su ɓoye ta da gangan. A rayuwa babu darakta. Mai babbar riga yana iya zama shi ya cinye kuɗin asibitin garinku. Yaron da ya tara suma ya sa wando jins yana iya zama shi ke ciyar da mahaifiyarsa da ƙannensa. Mun sha ganin an bar mai tsohuwar riga a tsaye an ba mai shadda kujera, a ofis, a wurin ɗaurin aure, har a gidan da ya je neman aure. Muna kallon Labarina muna tsine wa masu raina talaka, gari ya waye mu yi irin nasu. Kallon kitse muke yi wa rogo, kuma 'yan damfara sun san haka, shi ya sa jarinsu na farko shadda ce da turare.

Don haka abu biyu nake roƙo, kuma ba sa karo da juna. Naka kayan, ka zaɓe su da tunani, domin suna magana a madadinka ko ka so ko ka ƙi. Kayan wani kuwa, kada ka yi saurin karanta su, domin ba ka san labarinsa ba.

Aikin gida na wannan mako: in za ka kalli shirin da ka saba, ka kashe sauti na minti biyar ka ga abin da kaya kaɗai za su gaya maka. Bayan nan ka buɗe akwatinka ka ware kayan da ka sa fiye da sau goma a wannan shekarar. Waɗannan su ne salonka na gaskiya, daga nan za ka fara gini. Sauran kuma da suka shekara biyu ba ka taɓa ba, akwai mai buƙata a unguwarku.

Ku faɗa mana, wane ɗan wasa ne ko 'yar wasa shigarsu ta taɓa sa ku zuwa wurin tela, kuma yaya aka kwashe? Telolinmu da dukawanmu, ku ma muna son jin ta bakinku, don ku kuka fi kowa sanin halinmu. Za mu karanto wasu daga cikin saƙonninku a shiri na gaba in Allah Ya kai mu.

Allah Ya suturta mu duniya da lahira, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Sai mun sake haɗuwa. Wassalamu alaikum.